Saƙon Godiya: Bayan Wata 11, Auta Ya Koma Fili

Assalamu alaikum.

Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Jiya ƙanina Auta ya shiga fili. Minti 14 kacal ya buga, ya taɓa ƙwallo sau biyar ko shida, bai ci ba, bai bayar an ci ba, amma ya fito yana takawa da ƙafafunsa biyu. Abin da muka roƙi Allah ke nan. Tun daren jiya wayata ba ta huta ba, ni ma ban runtsa ba, shi ya sa na ga gara in rubuta godiya ɗaya ta isa ga kowa. In na ce sai na bi ku ɗaya bayan ɗaya, wallahi ƙarfin ba ya jikina.

Ba sai na maimaita labari ba. Da yawanku kuna kallo ranar da ya ji ciwon. Kun ga babu wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi zai bi ƙwallo, gwiwa ta tafi. Kun bi mu ta hoton MRI, da maganar jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL, da mako biyar ɗin da muka yi muna jiran kumburi ya sauka kafin a shiga tiyata. Umma har gobe cewa take, lokacin da aka ɗauko shi a gadon fitar da wanda ya ji ciwo, ita makara ta gani. Mu bar wannan.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa rubutawa ba, shi nake son in faɗa yau.

Lokacin da ƙungiya ta ba shi kwantiragi shekararsa 17, don haka sai da hannun waliyyi, kuma tunda Allah ya yi wa Abba rasuwa, ni na sa hannu. Dokar FIFA ba ta yarda a ɗaure yaron da bai kai 18 ba da kwantiragin da ya wuce shekara uku. Nasa na shekara biyu ne. A wasansa na uku ya faɗi. Likita ya ce za a ciro jijiya daga bayan cinyarsa a dasa a madadin wadda ta tsinke, kuma kada a yi mafarkin wasa kafin wata tara bayan aikin, domin wanda ya yi gaggawar komawa shi ya fi haɗarin sake tsinkewa. Sai na zama ɗan lissafi. Kullum dare ina ƙirga watanni da yatsu, in cire waɗanda suka wuce, in cire waɗanda jinya za ta ci, in ga abin da ya rage. Ban taɓa gaya masa ba. Ashe shi ma lissafin yake yi a ɗakinsa.

A wata na huɗu bayan tiyata aka ce zai fara sassarfa. Ya shirya takalmi tun dare. Da muka je aka auna, cinyar da aka yi wa aiki ta rame, ƙarfinta bai kai ba, gwiwa kuma ta ɗan sake kumbura. Mai gashin ƙashi ta ce sai an ƙara mako huɗu. Daga ranar Auta ya daina zuwa gashi. Ya rufe ƙofa, ya kashe waya. Kwana shida.

A dare na shida na shiga na zauna a bakin gadonsa, na fara abin da na iya, wato kawo misalai. Na ce masa ga Gavi na Barcelona, a Nuwamban 2023 jijiyar nan ta tsinke masa yana buga wa Sifaniya wasa da Jojiya, yana da shekara 19, kuma a Oktoban 2024 ya dawo. Na ce ga Ansu Fati, a Nuwamban 2020 ya ji ciwo a gwiwa yana ɗan shekara 18, aka yi masa aiki fiye da sau ɗaya, ranar da ya dawo a Satumban 2021 ya ci Levante ƙwallo. Ina ta zuba, yana kallon bango. Da na gama sai ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Yaya, su Barcelona ce take jiransu. Ni wa yake jirana?"

Jama'a, na nemi amsa na rasa. Na fito na zauna a tsakar dare ni kaɗai, hannuna yana rawa. Tsoron da na ji a ƙofar ɗakin tiyata bai kai na wannan daren ba, domin a can na san akwai likita a kansa. A nan kuwa yaro ne ya sallama, kuma hannuna ne a takardar da ta kai shi filin.

Da safe na kira mai tsaron gidansu, wato golan ƙungiyar, wanda tun suna ƙananan 'yan wasa suke tare, na gaya masa abin da Auta ya ce. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ka ba ni zuwa Asabar." Ranar Asabar ana saura awa biyu a take wasa sai ga hoto ya shigo wayata. Ɗakin canza kaya ne. Riguna a rataye a jere, kowace a wurin mai ita. A can gefe ga lamba 27, a wanke, a goge, da wando da safa a ninke a ƙasanta, kamar mai ita yana hanya.

Na ɗauka shi ya shirya abin don ya faranta mana. Ya rantse ba shi ba ne. Ya ce Baba mai kula da kayan 'yan wasa ne, kuma tun satin da Auta ya faɗi, babu wasan gida ko na waje da Baba bai rataye rigar nan ba. In an tashi ya sauke ta, ya wanke tare da sauran ko da ba a sa ba, ya adana. Babu wanda ya sa shi, bai kuma gaya wa kowa ba. Har wani sabon ɗan wasa da aka ɗauko a tsakiyar kaka ya nemi lambar, Baba ya ce masa tana da mai ita, ya zaɓi wata.

Na kai wa Auta wayar ban ce komai ba. Ya daɗe yana kallo, yana buɗa hoton da yatsu. Ranar Litinin shi ya tashe ni, ya ce mu tafi gashi kada mu makara.

Baba, na san ka ce kada in kuskura in ambace ka, ka ce aikinka ka yi. Ka yi haƙuri, yau kam na saɓa maka. Allah ya saka maka da mafificin alheri. Allah ya tsare maka mutuncinka yadda ka tsare wa yaron nan wurinsa. Allah ya sa 'ya'yanka su sami mai tsaya musu a inda ba ka nan. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai mai albarka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Mai gashin ƙashi da ta hana shi gudu, ranar na ji haushinki, har na faɗi maganar da ba ta dace ba a bakin ƙofa. Ki yafe min. Ke kika yi daidai. Likitan da ya yi aikin, da ma'aikaciyar jinyar da ta ba Umma kujerarta a daren farko ta kwana a tsaye, Allah ya biya ku. Koci, na gode da ba ka taɓa ce masa ya yi sauri ba, na gode da ka jira har minti na 76 jiya, duk da ihun 'yan kallo. Mai tsaron gida, kai ɗan'uwa ne. Kocinsa na yarinta, wanda ya ba shi takalmin ƙwallo na farko, duk Juma'a sai ya kira. Gwaggo da ta bar gidanta ta zo ta zauna da Umma wata guda. Abokan aikina da suka riƙa karɓa mini aiki ranakun asibiti. Ku da ba mu taɓa haɗuwa ba amma kuke turo addu'a a nan, na karanta duka ko da ban amsa ba.

Ranar da aka sa hannu a kwantiragin gidanmu bai ɗauki jama'a ba. Har da masu kiransa Yamal ɗinmu, don sun ga Lamine Yamal ya fara buga wa Barcelona yana da shekara 15, suna ganin haka abin yake ga kowa. Har da dillalin da ya yi ta rantsuwa zai kai shi Turai kafin ƙarshen shekara, alhali dokar FIFA ta hana a fitar da yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, in ba da wasu 'yan sharuɗɗa ba, kuma babu ɗaya da ya shafe mu. Tun ranar MRI lambarsa ba ta shiga. Shi bare ne, ban riƙe shi ba. Na jini kuwa, waɗanda kwana uku a asibiti ba mu ga ƙeyarsu ba, sai saƙon cewa dama sun faɗa ya tsaya ga karatu, to, kowa da uzurinsa. Jiya na ga wasunsu sun ɗora hotonsa. Umma ta ce in yi shiru, na yi.

Ya Allah, kai ka ɗora, kai ka sauke, mun gode maka. Ka ƙarfafa gwiwar nan, ka tsare ɗayar. Ka jiƙan Abba, ka kai haske kabarinsa. Duk yaron da yake kwance yanzu da ƙanƙara a gwiwa yana ƙirga watannin kwantiraginsa, Allah ka tashi kafaɗunsa, ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa.

Masu tambaya ko za a sabunta masa kwantiragi, ba a yi maganar ba tukuna, don Allah a daina tambayarsa. Gwiwar ta ɗan yi ɗumi da safe, an duba an ce ba komai, gobe atisaye mara nauyi zai yi. Rigar jiya kuwa Umma ta so a kawo mata gida ta ajiye, Baba ya ce a'a, akwai wasa ranar Asabar.

Zan kashe waya in kwanta. Wanda ya kira bai same ni ba, ya yi haƙuri zuwa gobe.