Abin da rajistar aji ta koya mini game da makara da fashi

A shekarar da na fara koyarwa a firamare, an sa ni cikin malaman da ke tsayawa bakin ƙofa da safe. Da an kaɗa ƙararrawa sai maigadi ya janyo ƙofa, duk wanda ya iso bayan nan a tsare shi a gefe. Wasu a sa su tsintar shara, wasu su durƙusa, wanda ya yi ƙaurin suna kuwa a zuba masa bulala biyu ko uku. Na yi aikin nan da zuciya ɗaya, domin a ganina tarbiyya ke nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ga alama abin yana ci, don bayan 'yan makonni layin masu makara ya ragu ƙwarai, har shugaban makaranta ya yaba mana a taron malamai.

Rajista ce ta tona mana asiri. Da ƙarshen zango ya zo na zauna ina haɗa kwanakin da kowane ɗalibi ya halarta don cike katin sakamako, sai na ga sunayen da suka ɓace daga layin makara su ne suka cika shafin da alamar fashi. Ashe yaro in ya hango ƙofa a rufe daga nesa, juyawa yake yi. Wani ya koma gida ya ce an tashe su, wani ya samu inuwa ya zauna har ya ga 'yan makaranta sun fara fitowa, ya bi ayari. Yaron da a da yake rasa minti 20 ya koma rasa yini sukutum. Da hannunmu muka mai da makara fashi, muna murna mun gyara makaranta.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyu, ba za ta wuce shekara bakwai ba, da kusan kullum sai an gama kiran suna take isowa. Ita ba ta juyawa. Za ta tsaya bakin aji tana haki, jakarta a rungume a ƙirji, ta miƙo hannu tun ba a ce ta miƙo ba. Wannan miƙo hannun ne ya tsaya mini a rai. Wata rana da aka fita tara na kira ta, na ce ta gaya mini abin da take yi tun daga tashinta har zuwa makaranta. Ta jero mini tiryan-tiryan. Mahaifiyarta kan fita aiki tun duhu bai gama yayewa ba, ita ke shirya ƙaninta ɗan shekara biyu, ta kai shi gidan matar da ke riƙe shi, matar kuma ba ta buɗe ƙofa da wuri. Na ce me zai hana ta ajiye shi ta taho. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam, in na tafi ba a buɗe ba, titi zai bi."

Ban samu abin da zan ce mata ba. Yarinyar da nake hukuntawa a kan rashin kula ta fi yawancinmu sanin nauyin da ke kanta. Da yamma na je na ga mahaifiyar. Ta tarbe ni a tsorace, tana zaton ƙara na kawo. Na ce, "Mama, ba laifi ta yi ba, shawara na zo mu yi." Ba mu yi rabin awa ba aka samu mafita: wata maƙwabciya da ɗanta ke ajinmu ta yarda a riƙa kai mata yaron da sassafe, ita ta miƙa shi in an buɗe. Abin da bulalar zango guda ba ta gyara ba, zama ɗaya ya gyara shi.

Tun daga nan na riƙe cewa ɗan firamare ba shi ke riƙe da agogonsa ba. Ba shi ke yanke lokacin kwanciya ba, ba shi ke tayar da kansa ba, ba shi ya zaɓi nisan gidansu da makaranta ba. In ya makara, galibi makarar wani babba ya ɗauko ya kawo mana, mu kuma mu bar jaki mu daki taiki. Ban ce babu yaron da ke tsayawa wasa a hanya ba. Akwai su, na kuma san su. Amma ba ka bambance su da sauran sai ka tambaya, ruwa ba ya tsami banza.

Kada a ɗauka ina raina makara ne. Na fi kowa jin zafinta, domin ni ke ganin abin da take ci. Minti 20 a kullum minti 100 ne a mako, a zangon mako 12 kuwa awa 20 cif. Kuma ba kowace awa ba ce, ta farkon yini ce, lokacin da kan yaro yake a sake, inda yawancin jadawali ke sa karatu da lissafi. Koyon karatu kamar gini yake, tubali kan tubali. Wanda ba ya nan ranar da aka haɗa baƙi da wasali, in aka zo haɗa gaɓa da gaɓa sai ya yi ta kallon allo kamar an rubuta da wani harshe. Daga nan sai kunya ta shigo. Na yi wani ɗalibi da ciwon ciki ke kama shi duk ranar da za a yi karatu a bayyane. Da farko na ɗauka ƙarya yake yi. Daga baya na gane cikin yana murɗa masa da gaske, tsoron a kira shi ya tashi ya kasa ne ke murɗa shi. Fashi ya jawo masa koma baya, koma baya ya jawo kunya, kunya ta sake jawo fashi. Maganinsa bai kasance a bakin ƙofa ba. Minti 10 na riƙa ware masa bayan an tashi, mu biyu, har ya kamo 'yan ajin, ciwon cikin kuma ya tafi da kansa.

Wani abin da na daɗe ban gane ba shi ne iyaye da yawa ba su san yawan kwanakin da ɗansu ya rasa ba. Ba sakaci ba ne, haka lissafin zuci yake: yau ɗaya saboda zazzaɓi, wani mako ɗaya saboda an yi baƙi, ba wanda ke tarawa. A Ingila da Amurka, ɗalibin da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu ana sa shi cikin masu fashi mai tsanani. A shekarar karatu mai kwana 180, irin ta yawancin jihohin Amurka, kwana 18 ke nan, wato kwana biyu kacal a wata. Wane uba ne zai ga kwana biyu a wata abin tayar da hankali ne? Wani bincike da Todd Rogers da Avi Feller suka yi a makarantun birnin Filadelfiya, aka wallafa a 2018, ya gwada abu mai sauƙi: aika wa iyaye wasiƙa a kai a kai ɗauke da jimillar kwanakin da ɗansu ya yi fashi. Wannan kaɗai ya rage fashi mai tsanani da kimanin kashi 10 cikin 100. Da na karanta sai na fara rubuta adadin a 'yar takarda duk ƙarshen wata. Ba faɗa, ba gargaɗi, adadi kawai da gaisuwa. Wani uba ya zo har aji da takardar a hannu ya ce, "Malam, kwana 9? Wallahi na ɗauka uku ne." Muka buɗe rajista muka ƙirga tare, yana bin layin da yatsa. Bai sake cewa komai ba, amma watan da ya biyo baya kwana ɗaya yaron ya rasa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin malami da uba duka. Yaro marar lafiya ba nasiha yake buƙata ba. A gundumar Busia ta ƙasar Kenya, Edward Miguel da Michael Kremer sun bi diddigin makarantun firamare 75 inda aka raba wa yara maganin tsutsar ciki, sakamakon da suka wallafa a 2004 ya nuna fashi ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Kremer na cikin mutum uku da suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Ƙasar Meziko kuwa a 1997 ta ɓullo da shirin Progresa, inda aka riƙa ba iyaye mata tallafin kuɗi bisa sharaɗin yaro ya halarci aƙalla kashi 85 cikin 100 na kwanakin makaranta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 28, ta ɗora wa gwamnatoci ne nauyin ɗaukar matakan ƙarfafa zuwa makaranta a kai a kai da rage yawan masu barinta. Nauyin a wuyan manya aka rataya shi tun a rubuce.

Sai ɓangaren da ba mu cika son tattaunawa a ɗakin malamai ba. Yara suna ganinmu. Suna ganin malamin da ya shigo bayan an gama taron safe, ya wuce ta gaban waɗanda aka durƙusar, ya je ya sa hannu a littafi ya rubuta lokacin da ba shi ne ba. Ni ma na taɓa yi, kuma har yau ina jin nauyinsa. Suna ganin ajin da ke zaune ba malami har a fita tara. Yaron da ya yi sammako ya zo ya tarar ba kowa sai monita yana rubuta sunan masu surutu, da wane baki za ka ce masa gobe ma ya yi sammako? Matsalar ba ta makaranta ɗaya ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2006, inda aka riƙa kai ziyarar ba-zata makarantun firamare a Bangaladesh, Ekwado, Indiya, Indunusiya, Peru da Yuganda, ya tarar kimanin kashi 19 cikin 100 na malamai ba sa nan lokacin da ya kamata su kasance. A Yuganda kashi 27, a Indiya kashi 25. A jihar Rajastan ta Indiya ƙungiyar Seva Mandir ta ba malaman makarantunta na karkara kyamara, su ɗauki hoto da ɗalibai a farkon yini da ƙarshensa, aka ɗaura albashi a kan kwanakin da suka zo. Fashin malamai ya sauko daga kashi 42 zuwa 21, sakamakon yaran kuma ya ɗaga. Ba na sha'awar a sa mana kyamara, abin kunya ne a ce sai da ita. Amma ya nuna mini inda gyara yake farawa.

Saboda haka na fara da kaina. Ina riga su shiga aji, in tsaya bakin ƙofa in gaishe da kowa da sunansa. Minti 10 na farko na mai da su lokacin labari mai ci gaba, ina tsayawa daidai inda ya fi daɗi in ce sai gobe. Wanda ya makara ya rasa na ranar, kuma ba na maimaitawa. Wannan ya fi bulala ciwo a wurinsu, ga shi ba ya sa kowa juyawa gida. Mai makara kuma na daina tsayar da darasi dominsa. Ya shigo shiru ya zauna, in ɗaga masa kai alamar na gan shi, maganarmu sai an fita tara. Da babu gara ba daɗi. Wani yaro da ya addabe ni da tsayawa wasa a hanya na ba shi aikin goge allo da rubuta kwanan wata kafin kowa ya zauna. Tun da ya ji akwai abin da ba zai yiwu ba sai da shi, ya zama na farkon zuwa.

Kyautar wanda bai taɓa fashi ba, wadda makarantu ke ji da ita, ni na daina ba ta muhimmanci. Kullum hannun yaran da dama za su zo take faɗawa, masu lafiya, masu wanda zai kawo su. Wanda ya yi jinya mako guda a farkon zango ya san ta wuce shi, ba abin da ya rage ya yi wa ƙoƙari. Har na ga an turo yaro da zazzaɓi jikinsa rau don kada ya ɓata lissafinsa. Na fi son in yaba wa wanda ya sauko daga kwana 8 zuwa 2, a gaban aji, da sunansa.

Ba duka na ci nasara ba. Akwai yaron da fashinsa ya fara da Litinin-Litinin, ya koma kwana biyu a mako, ni kuma ina cewa bari in ga ƙarshen wata. Kafin in je gidan har an ɗora shi a kan wani aiki, ya saba, uban kuma ya riga ya yanke shawara. Na je sau uku. A na ukun yaron da kansa ya fito ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, ai sun wuce ni da nisa." Da na je a mako na biyu, lokacin da abin bai wuce kwana uku ko huɗu ba, ina kyautata zaton da yanzu yana aji shida. Ni na ja layi a kan sunansa a rajista da hannuna.

Daga kansa na sa wa kaina doka: kwana biyu a jere ba labari, zan kira waya, kwana uku, zan taka har gida. Yau da safe na kira suna, mutum biyu ba su amsa ba. Ɗaya an aiko cewa tana asibiti, na ware mata aikin da za a kai mata. Ɗayan kwanansa na uku ke nan, wayar mahaifinsa kuma ba ta shiga. Da an tashi zan bi 'yan unguwarsu su nuna mini gidan.