Ranar da na bi mai tsagar ƙaro a tsibirin Ebiya

Asabar, tsakiyar Satumba

Sha ɗaya na dare ta wuce, yanzu na shigo ɗaki a Atina, babban birnin Girka, ƙamshin daji bai bar rigata ba. Gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Bayan na yi Asuba abokin karatuna ya zo ya ɗauke ni a motarsa. Ya daɗe yana cewa sai ya kai ni wurin kawunsa a arewacin Ebiya, tun ranar da na ba shi labarin yadda kakana yake tsaga dakwara a dajin Yobe in sanyi ya shigo, ya koma bayan 'yan makonni ya tsinci ƙaro. Ya ce ai su ma sana'ar gidansu ke nan, bishiyar ce kawai ta bambanta. Muka haye gada a Halkida, muka kama hanyar dutse mai lanƙwasa.

Tun kafin mu isa jikina ya yi sanyi. Gobarar watan Agustan 2021 ta tashi ne kusa da garin Limni, ta yi kwanaki tana ci, ta lashe kimanin hekta 50,000, har sai da aka riƙa kwashe mutane da jiragen ruwa daga bakin teku. Na karanta wannan a aji, amma gani ya kori ji. Tudu bayan tudu, baƙaƙen kututture a tsaye, a ƙarƙashinsu kuma ƙananan bishiyoyi kore shar, wasu iya gwiwa, wasu iya ƙirji. Bishiyar, wadda suke kira pefko, tana da wata baiwa: zafin wuta ne yake buɗe 'ya'yanta su zubar da iri, don haka dajin yana tayar da kansa. Sai dai kafin waɗannan su isa tsaga, yaron da aka haifa bana zai yi gemu.

Tsohon ya tarbe mu a wani kwari da wutar ta tsallake. Abokina ya koya mini in kira shi barba, kamar dai mu ce Baffa. Gajere ne, hannuwansa sun yi kanta. Bai tsaya dogon surutu ba, ya ɗauki ɗan gatarinsa mai lanƙwasasshen baki muka bi shi. A gabana ya ɓare ɓawo kamar faɗin yatsu uku a saman tsohuwar tsaga, bai taɓa naman itacen ba. Ba a jima ba sai ga ɗigo-ɗigo sun tsattsafo, garai-garai kamar zuma farar saƙa, suna gangarowa zuwa wata leda da aka maƙala a ƙasa. Na kai hanci. Ƙamshin ya tuna mini ƙaron maje da Inna take zubawa a kasko, amma wannan ya fi kaifi, akwai ɗan lemun tsami a cikinsa.

Ya nuna mini wani ƙullu da ake shafa wa tsagar, mai asid irin na ruwan batir, wanda yake sa bishiya ta daɗe tana zuba. Ya ce yawancin abin da suke tarawa daga bazara zuwa kaka masana'antu ne ke saye, su yi fenti da gam da makamantansu. Amma akwai 'yan bishiyoyin da ba ya shafa wa komai, yake kwashe nasu da wuri tun yana fari. Wannan na masu retsina ne.

Retsina ita ce giyar inabin da aka san Girka da ita, wadda ake sa wa wannan ƙaro. Ni ba na sha, kuma na faɗa musu tun a mota, suka karɓa ba tare da wani ja-in-ja ba. Amma tarihinta ya kama ni. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a tulunan yumɓu ake ajiye ruwan inabi, ana shafe cikinsu da bakinsu da ƙaro don kada iska ta shiga ta tsamar da shi. Ɗanɗanon ya bi ruwan, baki ya saba. Da ganga ta zo buƙatar liƙe tulu ta kau, amma mutanen nan suka ci gaba da jefa ƙaron da gangan a cikin ruwan inabi yana tsaka da tsima, in ya gama a tace. Baƙi kuwa ba yau suka fara ƙorafi ba: Liyutfarand, bishop ɗin Kiremona ta Italiya da aka aika jakadanci Kustantiniya (Istanbul ta yau) a shekarar 968, ya rubuta cewa giyar Girkawa ba ta shawuwa saboda ƙaro da sauran abin da ake haɗa mata. Inabin da aka fi yin ta da shi shi ne Savatiano, mai jure fari, wanda ya cika gonakin Atika, yankin da ke kewaye da Atina, har gefen filin jirgin saman Atina. Doka ta ƙayyade kada ƙaron ya wuce kilo 1 a lita 100.

Da rana muka zauna cin abinci a ƙofar gidansa: ƙananan kifi soyayyu, zaitun, cuku, burodi. Matarsa ta kawo mini shayin ganyen dutse. Abokina ya fito da kwalbar da ya yo wa kawunsa tsaraba, retsina ta zamani mai kumfa. Sunanta Afros, wato kumfa da yarensu, ta gidan Kechris ce da ke Tasalonika, da inabin Roditis ake yin ta. Ya bayyana mini cewa iskar da tsimin yake fitarwa ce ake riƙewa a ciki, shi ya sa in an zuba take tasowa. Ya ce retsina ta yi shekaru da baƙin suna, don an riƙa cika ƙaro a ɓoye lalataccen inabi a sayar wa masu yawon buɗe ido da arha. Masu yi na yanzu sun juya lissafin: inabi mai kyau, ƙaro ɗan kaɗan, amma fa sai sabo, mai tsabta.

Tsohon ya ɗaga kofin ya duba a hasken rana, ya shaƙa, ya kurɓa. Ya ce a zamaninsu daga ganga ake tsiyayo ta a kofin ƙarfe, kuma sai ranar Waliyyi Dimitiriyos, 26 ga Oktoba, ake buɗe sabuwar ganga. Wannan ta yara ce, in ji shi, amma wanda ya tsaga mata ƙaron ya san aikinsa. Daga nan ya yi shiru yana kallon tudun da ya ƙone.

Shirun nan ne ya tsaya mini a rai. Kwalbar tana tafiya manyan gidajen abinci, ana yabon wanda sunansa ke jikinta, ya kuma cancanci yabo. Amma ɗanɗanon da ake yabo daga hannun irin wannan tsoho ya fito, mutumin da a kwana ɗaya ya rasa yawancin bishiyoyin da ya gada, 'ya'yansa kuma sun tafi birni. Haka kakana ya rasu bai taɓa sanin inda ƙaronsa yake zuwa ba. Sai a nan na koyi cewa ƙaron dakwara irin namu da na Sudan yana cikin lemon kwalba da alewa, har masu giyar inabi a Turai suna amfani da shi. Na faɗa wa barba haka, abokina yana fassara. Ya tambaye ni ko matasanmu suna bin iyayensu daji. Na ce kaɗan ne, ga rashin tsaro, ga kuɗin da dillali yake bayarwa.

Na yi Azahar da La'asar a gindin wata pefko, ganyenta masu kama da allura sun yi mini shimfiɗa. Da za mu tafi ya damƙa mini dunƙulen ƙaro a cikin ganye. Ganin ina fama da yatsuna da suka manne, matarsa ta zuba mini man zaitun a tafin hannu ta ce in murza, nan take ya saki. Dunƙulen yana kan teburina yanzu. Gobe in Allah ya kai mu zan kira Baba in tambaye shi ko wuƙar tsagar kakanmu tana nan a gida.