Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Horon Baba da Maganar "Har Abada"

Masu bin wannan tarihi sun lura na tsallake shekarar da aka sa Baba a horon ikilisiya. Da gangan na tsallake ta a kashi na 9. Gwaggo ta Tudu ta aiko mini cewa in dai ba zan faɗi wannan ba, to in ajiye alƙalamin in huta. To Gwaggo, ga ta nan.

Baffa Babba, wan Baba, Bamaguje ya mutu. Shi ne sarkin noman unguwarmu, shi ke yi wa Uwar Gona yanka kafin shuka, kuma a farin 1973 rumbunsa ne ya riƙe gidaje da dama, har da gidajen wasu da suka zauna a kan shari'ar Baba daga baya. A zaman makokinsa wani matashin mai bishara, sabon fitowa daga makaranta, ya miƙe ya ce wa matan mamacin mijinsu yana cikin wuta a wannan sa'a, ba kuwa zai fita ba har abada. Baba ya ce masa, "Ɗana, zauna." Ya ce shi bai san inda wansa yake ba, yaron ma bai sani ba, abin da ya sani shi ne tambayar da Ibrahim ya yi a Farawa 18:25, ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba? Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin Lahadi ta zagayo, magana ta kai kunnen dattawa cewa Baba ya ce babu wuta, kowa zai tsira. Aka karɓe ajin baftisma daga hannunsa, aka hana shi Jibin Ubangiji wata shida, aka mai da shi bencin baya.

A zaman da suka yi a kansa ba wanda ya buɗe Littafi. Wannan ne ya tsaya masa a rai har ya mutu, domin shi mutum ne mai magana guda da duk wanda ya zauna a ajinsa ya haddace: ka karanta ta sama, ka karanta ta ƙasa, sannan ka buɗe baki.

Tun da su ba su buɗe ba, bari mu buɗe musu. Koyarwar da suka jingina wa Baba tana nan, tsohuwa ce, kuma masu ita ba su ce babu wuta ba. Cewa suke yi hukunci na nan, mai zafi ne, amma na gyara ne, yana da ƙarshe, a bayansa Allah zai komo da dukan halitta gare shi. Ban da su akwai mafi rinjaye, waɗanda aka rene mu a kan koyarwarsu, masu cewa azabar ba ta da iyaka kuma wanda ke cikinta yana ji yana gani. Sai na uku, masu cewa rashin mutuwa kyauta ce ga waɗanda ke cikin Almasihu kaɗai, sauran za a hukunta su gwargwadon aikinsu sannan su hallaka ƙurmus, kamar ba a taɓa yinsu ba. Dattawanmu ba su san akwai na ukun ba ma.

Yadda Baba ke koyar da irin wannan batu shi ne ya sa almajiri ya tsaga takarda daga tsakiyar littafin rubutu, ya ja layi biyu, ta zama gida uku. A gidan farko a rubuta Matiyu 25:46, Daniyel 12:2, Markus 9:48, Luka 16:26, Wahayin Yahaya 14:11 da 20:10. A na biyu Romawa 5:18 da 11:32, 1 Korantiyawa 15:22 da 15:28, Kolosiyawa 1:20, Filibiyawa 2:10-11, Yahaya 12:32, 1 Timoti 2:4 da 4:10. A na uku Matiyu 10:28, Romawa 6:23, Yahaya 3:16, Malakai 4:1-3, da 2 Tasalonikawa 1:9, wadda 'yan gidan farko ma ke ja wajensu. Ba ya barin kowa ya zaɓi gida sai ya iya bayyana ayoyin sauran gidaje biyun yadda masu su za su ce na'am, haka muke faɗa. Inda ake ɓata aikin shi ne mutum ya ɗauki ayoyin gidansa a matsayin bayyanannu, ya ce na maƙwabci su ne masu wuyar ganewa, sai ya lanƙwasa su. Kowane gida yana yin haka, namu ya fi kowa.

Igiyar da ake ja a tsakani kalma ce, dole a taɓa ta. Abin da muke karantawa "har abada" a Tsohon Alkawari yawanci olam ne da Ibrananci, a Sabon Alkawari kuwa aiyoniyos ne da Helenanci, wadda ta zo kusan sau 70. Olam tana ɗaukar tsawon abin da aka jingina ta gare shi. Bawan da aka huda wa kunne a jikin ƙofa, a Fitowa 21:6, zai bauta wa ubangidansa olam, ga shi bautar tana ƙarewa da mutuwarsa. Yunusa ya ce a 2:6 ƙasa ta kulle shi olam, kwana uku ya yi. Firistancin gidan Haruna na olam ne a Fitowa 40:15, Ibraniyawa sura 7 kuwa ta ce an sāke shi. Ishaya 32:14 ta ce birni zai zama kango olam, aya ta 15 ta ce sai ran da aka zubo Ruhu daga sama. Ka ga amfanin karanta ta ƙasa. Amma kalmar nan dai ita ce a Zabura 90:2, inda aka ce daga olam zuwa olam kai ne Allah, can kuwa ba mai hankalin da zai sa mata iyaka.

A Matiyu 25:46 ne ake kai ruwa rana. Kalmar ta zo sau biyu a jimla guda, ɗaya a kan azaba, ɗaya a kan rai. 'Yan gidan farko sukan ce in ka gajarta azabar ka gajarta ran, domin awo ɗaya aka yi musu. Hujja ce mai ƙarfi, kada wani ya raina ta. Masu amsawa sukan kai ka Romawa 16:25-26, inda Bulus ya yi amfani da kalmar sau biyu shi ma, a kan zamanan da asiri ya yi a ɓoye, waɗanda suka ƙare tun da an bayyana shi, da kuma a kan Allah kansa. Sukan ƙara da Yahuza aya 7, inda aka ce Saduma ta sha hukuncin madawwamiyar wuta alhali ba ta ci har yau, ga kuma Ezekiyel 16:53-55 na maganar komo da Saduma. A ganinsu ma'anar ita ce rai da hukunci na zamani mai zuwa, ran kuma ba ya ƙarewa saboda na Almasihu ne. A nawa ganin kalmar ita kaɗai ba ta raba gardamar. Mai cewa ba ta taɓa nufin marar iyaka ba ya yi ƙari, mai cewa kullum haka take nufi shi ma ya yi ƙari.

Akwai wani abu da masu wa'azinmu ke maimaitawa, wai Jahannama juji ce a bayan Urushalima inda wuta ke ci dare da rana a zamanin Yesu. Kwarin Hinnom dai, wanda daga sunansa aka samo kalmar Jahannama, gaskiya ne, yana kudu da birnin, can aka ƙona 'ya'ya hadaya ga Molek har Sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin a 2 Sarakuna 23:10, Irmiya kuma ya ce za a kira shi kwarin kisa. Labarin jujin kuwa daga wani malamin Yahudawa ya fito, Dauda Kimhi, wajen shekara ta 1200, fiye da shekara dubu bayan Yesu. Sunan kwarin, da ma'anar Jahannama, ya zo sau 12 a Sabon Alkawari, 11 daga bakin Yesu, ɗaya a wasiƙar Yakubu. Wanda ke son ya sassauta maganar wuta ya tuna da wannan lissafi.

Da dattawan nan sun san tarihi da sun yi a hankali. Orijin na Iskandariya, malamin ikilisiyar farko, wanda aka azabtar saboda bangaskiya a zamanin Sarki Desiyus wajen shekara ta 250, ya koyar da komowar dukan abubuwa, yana kafa hujja da 1 Korantiyawa 15:28. An la'anci koyarwar bayan ya yi kusan shekara 300 a kabari: Sarki Jastiniyan ya fitar da doka a 543, majalisar Kustantiniya ta 553 kuma ta sa sunansa cikin jerin waɗanda ta la'anta. Amma Girigori na Nissa, wanda ya halarci majalisar 381 da ta kammala shaidar bangaskiyar da ake karantawa har yau, ya rubuta kusan abu guda a fili, ba wanda ya taɓa shi, waliyyi ne a gabas da yamma. Agustin, bishof na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, shi ne ya kafa hujjar awo ɗaya ta Matiyu 25:46 da ƙarfi har ta mamaye ikilisiyar yamma. Duk da haka shi da kansa ya rubuta cewa masu ƙin yarda da azaba marar iyaka suna da yawa ƙwarai a zamaninsa, ya kira su masu taushin zuciya, ya yi gardama da su kamar 'yan'uwa. Bai kai su bencin baya ba.

A Ingila, ƙa'idodin bangaskiya 42 na 1553 sun rufe da la'antar masu cewa kowa zai tsira. Da aka sāke duba su a 1563 aka mai da su 39, wannan ƙa'ida tana cikin waɗanda aka cire. Amma wanda labarinsa ya fi tuna mini da Baba shi ne F. D. Maurice, da aka sallama daga kujerar koyarwa a King's College ta Landan a 1853. Ya ce rai madawwami, bisa Yahaya 17:3, sanin Allah ne da wanda ya aiko, don haka kuskure ne a mai da "madawwami" lissafin shekaru kawai. Aka ce ya ce kowa zai tsira. Ya musa, bai hana a kore shi ba. Can baya, a 1988, John Stott, wanda littattafansa ke cike da ɗakunan karatun makarantun tauhidinmu, ya bayyana cewa ya karkata ga gida na uku. Ya sha suka, amma har gobe ana karanta shi. Lokacin Baba na da rai, idanunsa sun riga sun yi rauni. Da Yaya ya ba shi labari, abin da ya tambaya kawai shi ne ko mutumin ya yi bayanin Wahayin Yahaya 14:11 ko tsallake ta ya yi. Ta sama da ta ƙasa dai.

Kada wani ya ɗauka ina kare koyarwar ceton kowa. Ba zan iya koyar da ita a matsayin tabbas ba, saboda Matiyu 26:24, inda Yesu ya ce gara ma a ce ba a haifi mai bashe shi ba, da Matiyu 12:32, zunubin da ba a gafartawa a wannan zamani ko mai zuwa. Masu ita suna da amsoshi, ba su ƙosar da ni ba. Sai dai ina ƙalubalantar 'yan gidanmu su zauna da Romawa 5:18 da gaskiya. "Dukan mutane" na farko, waɗanda laifin Adamu ya jawo wa hukunci, mun yarda kowa da kowa ne. "Dukan mutane" na biyu, a jimlar nan dai, sai mu ce wasu ne. In awo ɗaya ya zama hujja a Matiyu, me ya hana shi zama hujja a Romawa? Amsar da aka saba bayarwa tana aya ta 17, inda aka ce waɗanda suka karɓi yalwar alheri. Amsa ce mai kyau, kuma ita ma sai an karanta ta sama ake samunta.

Ga mu 'ya'yan Maguzawa wannan ba gardamar makaranta ba ce. Likita Miller, Baturen mishan, ya zauna a Zariya a 1905, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, ƙauyukanmu kuwa sai can baya mai bishara ya taka su. Duk wanda ya tuba a gidajenmu, tambayar farko da yake kawowa ajin baftisma ita ce, ina Kaka? Baba yana da hanyar amsa ta, kuma ba ta cikin gidajen nan uku. Yakan karanta musu Romawa 2:14-16 a kan al'ummai marasa Shari'a da lamirinsu, da Luka 12:47-48 a kan bawan da ya sani da wanda bai sani ba, wannan dūka da yawa, wancan kaɗan, da Ayyukan Manzanni 17:30 a kan zamanin jahilci da Allah ya kau da kai. Sai ya ce wa mai tambayar, kai ka ji, naka alhakin daban ne, Kaka kuwa bar ta a hannun mai shari'a. Baffa Babba ya ji bishara daga bakin ƙanensa shekara da shekaru bai karɓa ba, Baba ya san wannan sarai, shi ya sa ko sau ɗaya bai ce wansa ya tsira ba.

Wata shida ta cika, aka kira sunansa a majami'a aka ce ya komo cikin zumunta. Ajin baftisma ba a mayar masa ba, matashin nan aka ba. Su da suka ce suna tsaron koyarwa, 1 Timoti 5:19 ta ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, Matiyu 18:15 ta ce a fara samun mutum shi kaɗai. Ba wanda ya zo zaurenmu. Waɗanda suka ji maganar da kunnensu, suna zaune a tabarma ɗaya da shi, matan Baffa ne da Gwaggo ta Tudu. Ba a kira ko ɗaya ba, wai su matan arna ne, ita kuma ƙanwarsa ce za ta goya masa baya. Gwaggo tana nan da ranta, duk mai shakka ya je Tudu ya tambaye ta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar gonar fadama da yadda aka raba ta bayan rasuwar Baffa.