Alhamdulillah, na sauke nauyin da ke kaina

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah, Alhamdulillah, Alhamdulillah. Jiya bayan la'asar na biya ragowar bashin da ake bina, an ja layi a littafi, kuma waɗanda suka zo buɗe shago ranar Asabar sun gani da idonsu, kaya sun hau kanta. Wallahi har yanzu jikina ciwo yake, muryata ma ta dishe saboda amsa gaisuwa, amma na ce ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan.

Ba sai na maimaita muku labari ba, kun san abin da ruwan watan Agusta na 2022 ya yi mana a Kantin Kwari, kun ga bidiyo ana tsamo atamfa da shadda da leshi cikin taɓo. Sitona a ƙasa yake, kuma yawancin abin da ke ciki kayan mutane ne da na ɗauka bashi. Muna cewa bari mu farfaɗo sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, mai saye yana tsaye da kuɗinsa a banki amma transfa ta ƙi tafiya, sai cire tallafin mai a watan Mayu, sai rufe bodar Nijar bayan juyin mulkin Yuli, kwastomomina na Maraɗi da Damagaram da su nake taƙama shiru kake ji. Dalar da ake canzawa wajen naira 700 a kasuwar 'yan canji ta Wapa lokacin ambaliya ta haura 1,500 a farkon 2024. Jarina a nan ya ƙarasa karyewa, na mayar da mukullin shago na koma kayi-nayi, wato dillancin kayan wasu, a bakin layi, ni da nake da yara biyu a shago.

Abin da nake so in tsaya a kai shi ne ranar da Baba Alhaji ya aiko a kira ni. Ya hana ni faɗa, ya ce tsakaninsa da Allah ne, to Baba ka yi haƙuri yau kam sai na faɗa, sunanka kawai zan ɓoye, 'yan layinmu sun san wa nake nufi. Shi ya fi kowa bina kuɗi. Da yaronsa ya ce Alhaji na nemanka, ƙafata sai da ta yi sanyi, don a makon nan na ga an zo da 'yan sanda an tafi da wani maƙwabcina kan kuɗin da bai kai rabin nawa ba. Ina hawa benen nan ina tunanin wa zai gaya wa Hajiyarmu, ga hawan jini tana fama da shi. Na shiga na durƙusa, ko kallonsa na kasa yi. Ya buɗe littafi ya karanto min lissafin tsaf, bai rage ko kwabo ba, sannan ya rufe ya ce, "Ɗana, ban yafe maka ba, kuɗin nan akwai haƙƙin marayu a ciki. Amma ka ci amanata ne ko ruwa ne ya ci ka?" Na ce ruwa ne Baba. Ya ce wa yaronsa a ɗauko min atamfa turmi ashirin, in je in juya, duk Juma'a in kawo abin da ya samu ko dubu biyu ce.

Na sauko da kayan a kaina ina kuka kamar ƙaramin yaro, mutane na kallona ban damu ba. Gaskiya da yafe min ya yi, da na gode, amma da na ci gaba da zama mutumin da aka ji tausayinsa, babu dilan da zai sake ba ni ko yadi ɗaya. Sake yarda da ni da ya yi a gaban yaransa shi ya dawo min da sunana a kasuwa, kuma a Kwari suna shi ne jari. Allah ya ce a cikin Baƙara idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi, mun sha ji a wajen tafsiri, a kan bawan Allahn nan na ga an yi aiki da ita. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan mahaifanka, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya haɗa ka da Annabi SAW a Firdausi.

Sai maman yara. Ita ta wanke atamfofin da suka jiƙe ɗaya bayan ɗaya, ta shanya a igiya da katangar maƙwabta, waɗanda ba su yi zuba sosai ba ta kai wa mai guga ta dinga bi gida-gida tana sayarwa a rabin kuɗi. Adashinta ta kwasa ta biya kuɗin makarantar yara ba ta gaya min ba sai daga baya. Allah ya biya ki da Aljanna, ya ba ni ikon saka miki.

Hajiyarmu da ba ta taɓa fasa tashin dare ba, Allah ya bar mana ke. Mai shayin bakin layinmu da ya daina rubuta min bashi ya ce in na samu ma yi magana, ƙanina ɗan adaidaita da yake kai min kaya tasha ba ya karɓar ko na mai, limamin masallacinmu, da wata Hajiya daga Zariya da ta ci gaba da turo oda ko da ta san ba ni da shago, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya rufa muku asiri duniya da lahira, kada ya nuna muku rana irin wadda na gani.

Akwai kuma waɗanda jini ɗaya muke da su, da a da ba a sallah sai sun zo an yanka musu shadda, tunda abin ya faru ko flashin ban gani ba. Ranar Asabar na ga wasunsu a sahun gaba wajen hoto. Ba komai, na yi musu maraba, zumunci ba zan yanke ba, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Dan Allah ku saka 'yan uwanmu 'yan kasuwa a addu'a, da yawa waɗanda ruwan nan ya taɓa har yau ba su tashi ba, wasu sun bar garin saboda kunyar masu binsu, maƙwabcin nan nawa ma yana gida. Wanda yake bin irinsu kuɗi kuma yana da hali, ya kira su ya zauna da su.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba da masu saƙon WhatsApp ku yi min uzuri, in sha Allahu zan bi kowa in amsa cikin satin nan. Na gode, na gode, Allah ya bar zumunci.