Ƙashin ƙanena bayan ƙunar fetur

Tun da fetur ya ƙona ƙanena ya kwanta asibiti, hankalinmu duk yana kan fatarsa. Can sai ga tashin zuciya, ƙishirwa ba ta yankewa, bayan gida ya ƙi fita. Inna ta ce magunguna ne suka yi masa yawa. Ashe kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, shi ne ya hau a jininsa. Likita ya ce ƙashin da ya daɗe bai ɗauki nauyi ba yakan riƙa sakin kalsiyam cikin jini, har ya tara tsakuwa a ƙoda. Aka ɗaura masa ruwa.

Gwiwar hannunsa ce ta fi damuna: sabon ƙashi ya tsiro a naman gefen gaɓar, ta ƙage. Kullum masu gashin ƙashi suna motsa ta a hankali, shi kuwa yana ta mita.