Ƙaguwa 'Yar Kore Ta Shigo Gida

Juma'a, Jidda.

Na tashi da niyyar yau ba zan taɓa tankin kifi ba. Juma'a ce kaɗai ranar hutuna, sauran mako ina kan rufin gidajen mutane ina fama da na'urar sanyaya ɗaki. Amma da na dawo daga sayen tamis da ful, wato gurasa da wake, fitilar tankin ta kama, idona ya sauka kan dutsen da ke ɓangaren hagu. Ƙwallayen nan kore sun ƙaru. Makon jiya a gindin dutse kawai suke, yau sun hau har kusa da murjanin fatan da na fi ji da shi, wani murjani mai rai mai taushin jiki, wasu ma sun maƙale a bakin famfo.

Uwargida ta leƙo ta ce ai sun yi kyau, in bar su. Gaskiyarta, suna da ƙyalli. Sai dai gansakuka ce, Valonia ake ce mata, kuma kowane ƙwallo ɗaya ƙwayar halitta guda ce tal, abin da har yau yake ba ni mamaki. Idan aka bar ta sai ta rufe dutse, ta tare wa murjani haske, ta hana shi wurin yaɗuwa. In ka sa hannu za ka cire, ta fashe, masu harkar nan sun ce abin da ke cikinta ne zai watsu ya tsiro a wani wuri. Na sha murɗe manyan a hankali ina zuƙe su da tiyo lokacin canjin ruwa, amma waɗanda ke cikin ramin dutse yatsa ba ya kaiwa.

Maganin da kowa ya sani shi ne ƙaguwa 'yar kore, wadda a littafi ake kira Mithraculus sculptus. Na daɗe ina jan ƙafa a kanta.

Na tura wa ɗan yayana hoton dutsen a WhatsApp, don shi ya jawo ni cikin wannan harka tun farko. Ko minti biyar ba a yi ba ya turo saƙon murya: "Kawu, don Allah kada ka sa ƙaguwa. Ƙaguwa ƙaguwa ce. Tawa da idona na gan ta tana tsinke min murjani da dare." Na ce masa mu haɗu gidan Yaya bayan Masallaci.

An idar da sallah zafi kamar ya fasa kai, ga danshin nan na Jidda da ke manna wa mutum riga a jiki. A gidan Yaya tuwon shinkafa aka yi da miyar kuka, kukar da wani alhaji ya kawo tsaraba daga Kano. Muna ci yaron ya sake ɗauko zancen. Tankinsa cike yake da murjanin nan ƙanana masu kama da furanni, zowa, waɗanda ake sayarwa da ƙidayar kai, kowane kai da kuɗinsa. Ya ce ƙaguwarsa ta yi watanni lafiya lau, ta share masa gansakuka tas, sannan wata rana ya tarar da ita zaune a kan zowa tana yaga.

Na tambaye shi, bayan gansakukar ta ƙare me yake ba ta? Ya ce ba komai, ai ita mai shara ce, tana tsintar abin da kifi suka rage. Na ce namiji ce ko mace? Ya ce wata ƙatuwa ce mai manyan awartaki. To, namiji ke nan.

Yaya, wanda duk wannan harka yake ganinta ɓarnar kuɗi da wutar lantarki, ya ajiye kofin shayi ya ce: "Ku dai ba ku yi kiwo ba shi ya sa. Wanda ya saki akuya a lambu don ta cinye masa ciyawa, ranar da ciyawa ta ƙare ai zogalensa za ta hau. Laifin akuya ne?" Muka yi dariya, amma ni a raina na ce Yaya ya gama maganar, duk da bai taɓa ganin ƙaguwar ba.

Abin da na sani game da ita ke nan. Ba 'yar Bahar Maliya ba ce, daga tekun Karibiyan take, can wajen Fulorida da Bahamas har zuwa gaɓar Amurka ta Kudu. A gidansu cikin rassan murjani take zama, irin su Porites, tana cinye ganyen tekun da ke son rufe shi, shi kuma yana ɓoye ta daga kifayen da ke neman cin ta. Ke nan asalinta maƙwabciyar murjani ce, ba abokiyar gabarsa ba. Amma ba ganye kaɗai take ci ba. Mushe, ragowar abinci, duk abin da awartakinta ya riƙe kuma bai gudu ba, ci take yi. A teku abinci ba ya yanke mata. A cikin gilashi mai lita 250 irin nawa, in ta yi aiki da kyau ita da kanta za ta ƙarar da abincinta. Daga nan matsala ke farawa. Shi ya sa in aka tambaye ni ko ana iya zama da ita lafiya a tankin murjani, ba na iya cewa e ko a'a kai tsaye. Wace ƙaguwa, wane murjani, kuma mai tankin yana ciyar da ita ko ya manta da ita?

Akwai kuma zargin da ake mata wanda ba kullum yake gaskiya ba. Murjani in ya fara rubewa, ita ce ta farko da za ta zo ta ci naman da ya mutu. Mai tanki ya kunna fitila ya gan ta a kai, shi ke nan ya yanke hukunci. Wani lokacin ma abincin da aka ba murjanin take sacewa daga bakinsa. Na faɗa wa yaron haka, ya ce a'a Kawu, nasa lafiyarsu ƙalau kafin ta hau su. Na yarda da shi. Akwai waɗanda halinsu ke ɓaci, musamman in sun girma, kuma wadda ta ɗanɗana murjani da wuya ta daina. Shi ya ce har ɗan ƙaramin kifin da ke kwana a ramin dutse tana iya damƙa. Wannan ma ban musa ba.

Inna, wadda muke zaton barci take yi a kan darduma, ta ɗago kai ta ce ita abu ɗaya ta sani, duk dabbar da ka tsare haƙƙin cinta yana wuyanka, ta tuna mana da hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Sannan ta tambaya ko ita ƙaguwar ana ci. Na ce Inna, ƙoƙon bayanta bai wuce santimita 4 ba in ta gama girma. Ta ce to ita ba ta ga amfaninta ba, a je kasuwar kifi ta Bangala a sayo manya.

Bayan la'asar shaguna suka buɗe, muka tafi tare da yaron, wai zai raka ni don ya hana ni. Mai shagon yana da su a wani ƙaramin tanki, sun lafe a ƙarƙashin duwatsu don ba sa son haske. Na roƙe shi ya ɗago min su ɗaya bayan ɗaya in duba cikinsu. Mace murfin da ke cikinta faɗi gare shi, ya kusan rufe cikin duka, na namiji siriri ne. Awartakin mace ma ya fi ƙanƙanta. Masu dogon hannu a harkar sun fi yabon mace a wajen cin gansakuka da rashin tsokana, ni ma a kan haka na tafi. Na duba bakin awartakin kuma, don na 'yar kore dagushe ne mai ɗan rami irin na cokali, na kankare dutse. Duk ƙaguwar da ka ga bakin awartakinta baƙi mai tsini, wannan mafarauciya ce, irin masu shigowa a ɓoye cikin dutse, kada ta kwana a tankinka.

Mai shagon ya so ya haɗa min uku, wai aikin zai fi sauri. Na ce ɗaya. Uku za su gama gansakukar da wuri, sannan in zauna da bakuna uku masu jin yunwa suna faɗa da juna. Na sa ya jefa mata ƙwallon Valonia ɗaya a gabanmu, don ba kowace ce ke ci ba. Ta yi kamar ba ta gani ba, can sai ta miƙa hannu ta ja shi cikin rami. Shi ke nan, na ce ya ɗaure min ita.

Ya kuma nuna min wani kifi ɗan rawaya mai doguwar fuska, dangin sijan ɗin da muke soyawa, ya ce shi ma yana cin wannan gansakuka. Haka ne, amma yana kaiwa santimita 20 ko fiye, ƙayar bayansa da dafi, kuma shi ma in yunwa ta kama shi murjani yake tsinka. Tankina ya yi masa kaɗan.

A mota yaron ya ce shi da tasa ta dame shi, saura kaɗan ya kai ta bakin teku a Ubhur ya jefa a ruwa. Nan na ɗaga masa murya. Kifin nan mai ƙayoyi da ake kira zaki, ɗan yankin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, kuma mafi yawan masana suna ganin masu tanki ne suka sake shi. Yau ya cika Karibiyan yana cinye ƙananan kifayensu. Mu kuma sai mu ɗauko 'yar Karibiyan mu zuba a Bahar Maliya? Ga masana can a jami'ar KAUST da ke garin Thuwal suna ta binciken yadda murjanin tekun nan yake jure zafi, mu muna nan muna ƙara musu aiki. Ya ce ai bai jefa ba, ya mayar wa mai shago. Na ce madalla.

Da muka iso gida ban juye ta kai tsaye ba. Ƙaguwa da jatan lande da dodon koɗi ba sa jure canjin gishiri farat ɗaya kamar kifi. Na zuba ta da ruwanta a roba, na ɗaure siririn tiyo yana ɗigo mata ruwan tanki a hankali har wajen awa ɗaya. Gishirin tankina 1.025 yake a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 25, kuma a garin nan in ba na'urar sanyaya ruwa, da rani tanki dahuwa zai yi. Wasu abokanmu suna ɗebo ruwan teku kai tsaye, suna mantawa Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita, alhali abin da ya zo daga Karibiyan ya saba da wajen 35. Ni nakan tace ruwan famfo in haɗa da gishirin buhu. Ruwan da wayit, wato tankar ruwa, ke kawowa ya sauka a tankin ƙasa, ya hau na rufi, ni da nake yini a kan rufin nan na san abin da ke cikin wasunsu.

Abu biyu na faɗa wa mutanen gida. Na farko, kada kowa ya zuba maganin kifi a tankin, don da yawa daga cikinsu da sinadarin jan ƙarfe, shi kuwa kashe ƙaguwa da murjani yake yi. Na biyu, in wata rana suka ga kamar ta mutu a kwance, kada a yi min waya ana salati. Saɓa take yi, ta fita daga tsohon ɓawo ta bar shi cif da siffarta har da ƙafafu, ita kuma ta ɓuya kwanaki sai sabon ya yi ƙwari. Autarmu ta ce in ta yi saɓar a ba ta ɓawon ta kai makaranta.

Bayan isha'i fitilar tanki ta mutu, na ɗauko tocila na rufe bakinta da jar leda na zauna. Ta ɗan jima kafin ta fito. Ƙafafunta duk gashi, tana tafiya a karkace, hannu biyu na aiki, wannan ya tsinko ya kai baki, wancan ya tsinko. Ba ta je wajen ƙwallayen ba, gansakukar gashi ta tsaya ci a bayan dutse. Ta bi ta kan murjanin fata, ya tsuke jikinsa, ta wuce ba ta taɓa shi ba, bayan ɗan lokaci ya sake buɗewa. Dare ɗaya ba shaida ba ne. Murjanina masu taushi ne kuma masu sauƙin kuɗi, shi ya sa na yarda in gwada. Da tankin yaron nan ne nawa, da zowa masu tsada a jere, ba zan sa ba.

Tsarina shi ne, tun kafin gansakuka ta ƙare zan riƙa ɗaure mata ɗan busasshen ganyen teku a dutse, sau biyu a mako kuma in miƙa mata ɗan guntun jatan lande da hantsaki. In duk da haka na kama ta tana yagar lafiyayyen murjani, zan jingina kofin gilashi a jikin dutse da nama a ciki, ta shiga ta kasa hawowa, in sauke ta tankin tace ruwa na ƙasa ta zauna can. Kuma dole in rage abincin kifi, don sinadarin fosfet da naitiret da ke fitowa daga ragowarsa ne ke ciyar da gansakukar, ƙaguwa ba ta maganin wannan.

Ina shirin kwanciya sai ga saƙon yaron: "Kawu, in ta gama maka aiki ka ara min ita mako biyu, na ga ƙwallo uku a bayan famfo." Wanda ya yini yana hana ni saye. Na ce masa ya sa yatsa ya cire tun suna uku, gobe ina da aiki ƙarfe bakwai a Hamdaniyya.