Fentin Hoda a Kan Ƙarfen da Tsatsa Ta Ci: Darussa ga Mai Ƙaramin Jari

Fentin hoda ba ya cike rami. Wannan ne darasin da ya fi cin kuɗin masu koyo. Hodar tana manne wa ƙarfe ne da ƙarfin lantarki, ta narke a wuta, ta bi siffar da ta tarar. Kaurinta yawanci bai wuce maikuron 60 zuwa 80 ba, wato kusan kaurin silin gashi ɗaya. Idan ƙarfen ya yi zanzana, haka zai fito da zanzanarsa, sai dai yanzu tana sheƙi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne baƙar tsatsar da ke maƙale a gindin ramin. Burushin waya yana goge sama ne kawai, ya bar ta. Tana riƙe da danshi da mai, kuma da zarar zafi ya taɓa ta sai iska ta ɓullo ta huda fentin. Bayan damina ɗaya sai ya kumbura, ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa.

Hanya mafi kyau ita ce feshin tsakuwar gugar ƙarfe, mai lamba 80 zuwa 120, har ƙarfen ya yi fari tas. Kada a yi da yashin rafi, ƙurarsa tana lalata huhu, kuma ba a warkewa. Wanda ba shi da halin wannan, akwai hanya mai araha: bokitin roba, babban cokali ɗaya na sodar wanki (sodium carbonate, ba soda mai ƙuna ta yin sabulu ba) a kowace lita 4 ta ruwa, da cajar batir. Baƙar waya a jikin kayan, jar waya a jikin guntun ƙarfen da ba a so, a tsoma ƙarafan biyu cikin ruwan, kada su haɗu. A bar shi ya kwana a fili, domin iskar da ke tashi tana kama wuta. Ban da irin ƙarfen da ba ya yin tsatsa (stainless) a ɓangaren jar wayar, yana sakin guba cikin ruwan. Ban da sifirin ma, wannan wankan yana iya sa shi tsagewa.

Daga nan a busar nan take, a goge da asiton (ruwan sinadari mai cire mai), a sa safar hannu. A lokacin damina tsatsa kan dawo cikin sa'o'i.

Sai gashin farko a obin, babu hoda: digiri 220 a ma'aunin Celsius na minti 30 zuwa 40, musamman ƙarfen zubi da alminiyom da suka sha mai shekara da shekaru. In mai ya tsatso, a sake wankewa.

Ramukan fa? Filar masu gyaran jikin mota ba ta jure wannan zafin. Manyan ramuka a cike su da walda a goge, ƙanana kuma da fila mai garin ƙarfe wadda aka yi don zafi. A ganina dai, dabarar da ta fi sauƙi ita ce zaɓen hoda mai kaushi ko mai yamutsi, wadda ke ɓoye tabo. Baƙi mai sheƙi yana tona komai. In ramin ya cinye kaurin ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota, wannan ba aikin fenti ba ne, a sauya kayan.

Bindigar fesa hoda mai araha tana aiki, muddin wayar ƙasa (earth) ta bindigar ta kama tsiraicin ƙarfe, iska kuma busasshiya ce, ƙarfinta bai wuce 10 a ma'aunin PSI na kwamfiresa ba. A fara da lungu da saƙo, don can ne hoda ke ƙin shiga. A cire roba da boris, a ɗaura tsofaffin notuna a ramukan da ake ɗaura noti, don kada hoda ta cike su.

Tsohon obin lantarki ya isa, amma ya rabu da abinci ke nan har abada. Yawancin hoda na son digiri 200 na minti 10 zuwa 15, kuma ana fara ƙirgawa ne lokacin da ƙarfen kansa ya kai wannan zafin, ba iskar obin ba. Ƙarfe mai kauri kan ɗauki rabin awa kafin ya kai. Bayan ya huce, a jiƙa auduga da asiton a goga a ɓoyayyen wuri: in fentin ya yi laushi ya biyo audugar, bai gasu ba, a mayar da shi wuta.